Lagwanin Firij

A ƙaramin asibitin da na fara aiki, can cikin karkarar Ikara, shugabarmu wata dattijuwa ce daga kudancin Kaduna, muna ce mata Mama. Ba mu da yawa: ni mai allurar rigakafi, sai unguwarzoma, mai ba da magani, duba-gari da maigadi. Babur ɗaya ne duk asibitin.

Kullum da safe, kafin a buɗe ƙofa, mukan taru a gindin darbejiya a tsaye. Mama ba ta yarda a kawo benci ba, ta ce wanda ya zauna ba ya gama magana. Kuma ta san halinmu sarai. Mutumin ƙasarmu, ko ɗakinsa ke cin wuta, in babba ya ce masa yaya aiki, da godiya zai amsa. Don haka sai ta bari gaisuwa ta ƙare tas, sannan ta dubi mutum cikin ido.

"To, mun gaisa. Me ka yi jiya, me za ka yi yau, kuma me ya tsaya maka?"

Wanda abin da ya tsaya masa ya fi nauyi, shi ke samun babur ranar. Kafin shayin maigadi ya huce mun watse.

Da sojoji suka zo da tsuke bakin aljihu, aka sallami Mama da sunan rage ma'aikata. Aka turo mana wani da ya ce mu riƙa ce masa Yallaɓai. Bai taɓa saka kakin soja ba, amma tafiyarsa ta fi ta kantoman ƙaramar hukuma izza. Bai soke taron safe ba. Da ma ya soke! Ya jera mu a layi a cikin rana, mu rera taken ƙasa, wanda ya makara ya yi tsallen kwaɗo. Unguwarzoma, wadda a shekaru ta haife shi, ita ma sai da ta yi. Sannan ya yi ta jawabi kan ɗa'a da kishin ƙasa, marasa lafiya na tari a bakin ƙofa. A ƙarshe ya bi layi ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya aiki?"

"Da godiya, Yallaɓai."

Shi ke nan, a wurinsa ya ji rahoton kowa.

Maganin rigakafin ƙyanda a firij mai amfani da kananzir muke ajiye shi. In wutar ta mutu ya yi zafi, ya zama ruwa kawai. A damina ta farko da zuwansa lagwanin firij ɗin ya cinye, wutar ta koma ja tana hayaƙi. Ba a samun irinsa sai a Zariya. Kuma na riga na bi ƙauyukan bayan garin Furana gida gida, na sa wa mata rana. A cikinsu akwai wata matar manomi da ƙyanda ta ɗauke wa yara biyu. Da ƙyar na shawo kanta, a bakin coci na tare ta ranar Lahadi, goyonta namiji yana ta wasa da ɗankwalina. Ta ce, "Malama, in na zo za a yi masa?" Na ce ta zo, ni na yi mata alkawari.

Da layi ya zo kaina, ban ce da godiya ba.

"Yallaɓai, lagwanin firij ya cinye. In ba a je Zariya yau ba—"

"Nan ba wurin ƙorafi ba ne! Gaishe ki na yi. Haka aka koya miki amsa gaisuwar manya?"

Washegari na sake, ya ce in same shi a ofis. Kafin in kai ƙofar ofis ɗin ya buga babur ya tafi gaida kantoma. Na tare shi da yamma, ya ce maganar aiki a taron safe ake yinta. Kun ji fa! A taro a ce ofis, a ofis a ce taro. Na roƙi wani direban motar rake mai zuwa Makarfi ya biya Zariya ya nemo min, ya dawo da lagwanin fitilar ƙwai. Na yanka tsumma na gwada, bai ci ba. Wutar ta mutu, maganin ya lalace gaba ɗaya.

Ranar allura mata suka cika gindin darbejiya, ƙafafunsu duk laka. Yallaɓai ya kulle kansa a ofis. Ni ce na fito na ce su koma, za a sanar. Matar manomin nan ta gyara goyonta ta juya. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi. Ba kuɗi ne ya gagara ba, ba hanya ba. Abin da bai kai tsawon yatsa ba, da mutumin da ya kasa tsayawa ya ji jimla ɗaya.

Sabon magani bai iso ba sai bayan ƙyanda ta ratsa ƙauyukan da bazara.

Na haɗu da matar a kasuwa bayan haka, tana sayar da gyaɗa. Na dubi bayanta. Zanen goyon yana ɗaure a ƙugunta, babu kowa a ciki. Ta rusuna ta gaishe ni, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya.

"Malama, yaya aiki?"

Na buɗe baki, amsar da na saba tun ina yarinya ta ƙi fitowa. Ta ɗan jira, sai ta ɗebi gyaɗa ta zuba min a hannu.