Biron da Yaya Sabo bai taɓa miƙa wa kowa ba

Na sha wahala, ba sai na ɓoye ba. Shekara biyar ke nan da rasuwar Yaya Sabo, shekara biyar kuma ke nan ina jan ƙungiyar da ya bari ba tare da na iya ba. Bayana ya gaji, wayata ma ta gaji da kiran mutanen da ba sa ɗauka.

Ga wanda bai san shi ba, Sabo wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Karatu ya kawo shi Kuala Lumpur, da ya gama ya zauna yana koyarwa. Ni a aji shida na firamare na tsaya. Shi ya jawo ni nan, nake ɗaure wa 'yan kasuwa yadi da jallabiya a kasuwar Masjid India ina turawa gida. A wurin wasu abokan aikinsa 'yan Japan ya koyi besbol, wasan nan da ɗaya ke jifa da ƙwallo, ɗaya ya maka mata kulki ya ruga. Ranar da na fara gani dariya na yi. Shi kuwa har ƙungiya ya kafa a wani fili bayan Sri Petaling: 'ya'yan mutanenmu da suka tashi a nan, da Malayawa, da 'yan Indonesiya biyu. Shi ne manaja. Ni ne direba, ni ne mai ɗauko ruwa.

Gasar da muke bugawa ba ta albashi ba ce. Rajistar shekara guda ake yi, idan kakar wasa ta ƙare kowa ya zama ɗan kansa, ya sa hannu inda ya ga dama. A watan nan manajoji ba sa hutawa, wannan ya yi alƙawarin sabuwar safar hannu, wancan ya nuna filinsa mai ciyawa. Namu filin idan aka yi ruwan la'asar sai mun kwashe da bokiti. Duk da haka wurin Yaya ake zuwa.

Ga yadda yake yi. Zai kira ɗan wasa shi kaɗai zuwa mamak, shagon shayin nan na bakin titi, ya faɗa masa gaskiya tsirara: bana za ka buga, ko bana benci za ka fi zama. Sai ya miƙa masa fom ɗin rajista babu komai a kai, babu biro. Ya ce ya je ya yi atisaye mako guda da wata ƙungiya, in har yanzu nan yake so, ya dawo da fom ɗin a cike. Na sha yi masa faɗa a kan wannan.

"Yaya, kai da kanka kake kai musu mutanenka har gida?"

"Tanko, in ban bar shi ya gano can ba, ta ina zan san ko zama yake yi da ni ko riƙe shi na yi?"

Wasu sun tafi, kuma tafiyarsu ta yi mana zafi. Amma yawanci suna dawowa, wani ma da baƙo a bayansa, don labari ya bazu cewa akwai manajan da ba ya yi wa ɗan wasa ƙarya.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi, a tsakiyar watan rajista. Nan muka binne shi. Na tsorata ƙwarai, don in sunaye ba su cika ba cire ƙungiya ake yi daga gasar, ni kuma gani nake in aka cire ta kamar an sake binne shi ne. Sai na yi dabara irin ta wanda bai da ilimi. Na tara 'yan wasa a mamak ɗin nan don yi masa addu'a, ana shafa Fatiha na zube fom-fom a kan tebur, na ɗora biro a kai. Wa zai shafa Fatiha ga mamaci ya ture takardarsa? Kowa ya sa hannu. Na ga abin ya yi, sai na mayar da shi al'ada, duk shekara ranar da ya rasu.

Sa hannu suke yi, amma zuwa fili daban. Ranar Asabar sai in yi ta kira, wannan aiki, wancan ƙafa. Sau biyu muka je wasa mu takwas, alhali tara ake buƙata, aka ba abokan karawarmu nasara muna tsaye. Ba wanda ya zo mana daga wata ƙungiya tun da Yaya ya tafi, ko mutum ɗaya.

Wanda bai taɓa fashi ba shi ne Muhsin, mai jifan ƙwallo a ƙungiyarmu, ɗan wani malamin jami'a ne da ke unguwar Cheras. Nan ya girma, Hausarsa ma rabi da Malayanci take fita. Akwai ƙungiyar wani ɗan Koriya da ke nemansa tun Yaya na raye, can suna da mai horar da masu jifa, kuma masu neman 'yan wasa daga waje suna leƙa wasansu. Na san da haka. Na kuma san kafaɗar mai jifa ba ta daɗewa, ga shi yanzu ya haura ashirin da bakwai. Amma in babu shi ba mu da mai jifa, in babu mai jifa babu ƙungiya. Shi ya sa duk shekara shi nake fara miƙa wa biron.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai leƙo. Ba na jin zai yi faɗa, ba mai faɗa ba ne. Ina jin zai dubi teburin nan, ya ga sunansa aka ɗora a kan takarda kamar dutse don kada iska ta ɗauke, ya yi shiru irin nasa. Shirun nan nake tsoro tun muna yara.

Ranar Asabar da ta wuce muka yi addu'ar bana, bayan la'asar. Aka shafa, na zube takardu. Muhsin ya karɓi biro ya sa hannu kamar kullum. Da zai mayar mini sai ya riƙe shi kaɗan, bai dube ni ba.

"Kawu, ka san Malam Sabo bai taɓa ba ni biro ba? Ko sau ɗaya."

Na ce, "To me kake nufi?"

"Ba komai lah, Kawu. Na tuna ne kawai."

Ya shanye shayinsa ya tafi. Ba rashin kunya ya yi mini ba, da ma ita ya yi da na samu abin faɗa.

Na daɗe ina ɗauka ƙungiyar ce abin da Yaya ya bari, da riguna, da kulake, da sunan da ke cikin gasa. Waɗannan duk ina da su a bayan mota. Abin da ya sa mutane ke tsallake fili mai ciyawa su zo namu mai taɓo, shi ne na watsar tun makon da ya rasu, kuma da sunansa na watsar da shi. Ban sani ba ko ƙungiyar za ta kai baɗi. In Muhsin ya je can, da wuya ya dawo, ni ma in ni ne ba zan dawo ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya kai haske kabarinsa, ni kuma ya yafe mini.

Washegari da safe na zare fom ɗin Muhsin daga cikin sauran na yaga. Na ɗauki sabon fom wanda ba a rubuta komai a kai ba, na hau jirgin ƙasa zuwa Cheras. Na same shi a ƙasan beninsu zai fita sayen karin kumallo. Na miƙa masa, na ce ya je wurin ɗan Koriyan nan ya yi mako guda. Ya juya takardar gaba da baya, ya dubi aljihun rigata. Na bar biron a gida.