Idon Inna da Hayaƙin Banda

A bakin ruwan Yelwa duk macen da ke bandar kifi idonta ja ne, kuma babu mai tambayar dalili. Na tashi ina ganin Inna tana juya tarwaɗa a kan murhu tana share hawaye da gefen zane. Da ido take sanin kifi ya yi: kallo ɗaya, ta ce a sauke.

Lokacin da aka raba mu da Sakkwato, jihar Kebbi tana sabuwa fil, ina koyarwa a firamare, a nan aka ce Inna tana da ciwon suga. Ta daina sa suga a koko, a ganinta magana ta ƙare. Ƙwayar maganin da aka ba ta kuwa sai ranar da jiri ya ɗebe ta. Da ta fara cewa tana ganin wasu baƙaƙen zare suna yawo a gabanta, matan banda suka yanke hukunci gaba ɗayansu, wai hayaƙi ne, kowa ya yi irinsa ya warke. Likitocin bakin murhu ke nan, ko sunansu ba su iya rubutawa.

Da ƙyar na ja ta zuwa wani asibitin ido a Kaduna. Aka ɗiga mata magani, ƙwayar idon ta buɗe, aka sa ta jingina haɓa a wata na'ura mai walƙiya aka ɗauki hoton can cikin idon. Likitan ya nuna mini shi: da'ira ce kamar gwaiduwar ƙwai, jijiyoyi sun ratsa ta, ga ɗigon jini ko'ina. Ya ce suga ne ke cin jijiyoyin, idon hagu ya riga ya tafi, na dama ne kaɗai ya rage. In sugan ya sauka mu koma ba da daɗewa ba, a sake hoto a gwada da wannan, a ƙone wuraren da ke yoyo da wani haske. 

Abin da Inna ta riƙe daban ne. Maganin da aka ɗiga ya sa ta wuni tana ganin hazo, ni na riƙe hannunta har tasha. A mota ta ce ta shiga asibiti da ƙafarta an fito da ita ana ja, ita da wurin nan har abada.

Babu abin da ban yi ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo kawu ya yi mata nasiha, na durƙusa a gaban mutane ina kuka. Rannan don baƙin ciki na sheƙa wa murhunta ruwa. Don ta rufe mini baki sai ta bar banda na ɗan lokaci, jan idon kuwa ya washe tas. Ta kira ni, ta ja fatar idon da yatsa.

"Duba da kyau, ɗiyata. Mi kinka gani? Fari ƙal. Na ce miki hayaƙi na."

Na ce mata ciwon yana can baya inda madubi ba ya kaiwa. Ta yi dariya, matan suka taya ta. Kifi ya yi yawa a shekarar, jirage na zuwa daga Wara a cike, ta koma bakin wuta.

Wata safiya ta kwala mini kira, wai an rufa mata baƙin mayafi. Muka koma Kaduna aka sake ɗaukar hoto, likitan ya jera hotunan biyu. Na farkon ne mai jijiyoyi. Na biyun babu komai sai duhu ja, jini ya cika idon. Na roƙe shi ya ƙone ko mene ne, yau ɗin nan. Ya ce hasken ba shi da hanyar wucewa, kuma abin da ke bayan jinin ya riga ya lalace.

Ba ta bar banda ba. Ta koyi hura wuta da lalube, ni kuma in na taso daga makaranta sai in zauna kusa da ita. Wata la'asar ta ɗaga tarwaɗa, ta shinshina, ta latsa, ta kasa yanke shawara. Sai ta miƙa ta dama da ita.

"Duba mini, ta yi ja?"

Ni kuwa ina hagunta.