Dabaibayi a Bayan Mota

Jiya wata babbar mota ta wuce ni ɗauke da doki, na ji kofatonsa yana dukan katako, sai marigayi Baffa, yayan mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Ina jin shekarar da na gama jami'a ce goɗiyarsa ta kamu da tari, muka nemi mota daga Kademi zuwa wurin likitan dabbobi a Gaya. Direban ya kafe sai an yi mata dabaibayi, wai kada ta fasa masa katakon bodin motar.

Baffa ya ce, "Ɗan nan, dabaibayi na turke ne. A mota da ƙafafunta za ta riƙe kanta, bar ta ta buɗe su."

Direban ya ce, "Baba, in ba ka yarda ba, sauke abarka."

Babu wata motar a ranar, dole Baffa ya haƙura. A kwanar farko muka ji tana kokawar tsayuwa, sai ta kife. Gwiwa ta yage, jikinta yana rawa, warin gumi da jini ya cika wurin. Direban kuwa katakonsa ya fara dubawa! Ba na son zargin mutum, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Baffa ya yanke igiyar, ya yaga rawaninsa ya ɗaure gwiwar, ya sauke ta, ya ja ta a ƙafa har Gaya. Tarin ya warke, ɗingishin bai taɓa barin ta ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya tausaya masa fiye da yadda ya tausaya wa dabbar nan.