Kawu Ishaya da Rigunan Filon Mama

Duk wanda ya san Kawu Ishaya ya san abu biyu ba sa rabuwa da shi: tabarau mai ƙafa ɗaya da ya ɗaure da zare, da rigar filo a aljihun wando. Coci, biki, jana'iza, duk tana nan. In ka tambaye shi dalili sai ya ce, "Maciji ba ya aiko da goron gayyata."

Tun kafin a haife ni yake aiki a ɗakin binciken dabbobi na jami'a a Samaru, shi da macizai da kwaɗi da ƙadangaru. A cewarsa babu jakar ɗaukar maciji kamar rigar filo: iska na shiga, shi kuma ba ya ganin waje, sai ya yi lamo. Matsalar ɗaya ce. Kawu bai taɓa sayen ko guda ba! Namu yake kwashewa. Nasa filon kuwa tsirara yake kwana tun yana saurayi.

Mama ƙanwarsa ce, kuma ita ta fi shan wuya.

"Yaya, ina rigar filona mai fulawa?"

"Tana bakin aiki, Maryamu."

"Wane irin aiki?"

"Kasa ce a ciki. Je ki ce ta ba ki."

Har Mama Nkechi mai zannuwan gado a kasuwar Sabon Gari ta gaji, ta ce, "Madam, otal kin buɗe ba ki gaya mini?"

Ni Rahila, ni ce 'yar gidansa. A wurinsa na koyi bambanta kububuwa da macijin da ɓera kawai yake nema. Ranar da na ce wa Mama ilimin dabbobi zan karanta in zama kamar Kawu, ludayi ya faɗi daga hannunta.

"Aikin jinya za ki cike a fom. In dai ina numfashi, ba za a yi mahaukata biyu a dangi ɗaya ba!"

Na kai ƙara wurin Kawu. Ya gyara tabarau ya ce, "Bar ni da ita. Na lallashi gamsheƙa, balle uwarki."

Kun tuna bikin Anti Talatu a Bomo? Ana tsakiyar rawa maciji ya sulalo ta ƙarƙashin rumfa. Wayyo! Mai ganga ya haye kujera da gangarsa. Uwar ango, wadda aka kawo tana dogara sanda, ta riga kowa kaiwa bakin titi, sandar ma ba ta waiwaya ba. Samari suka taso da itace, sai ga Kawu ya ratso su hannu a sama.

"Ku dakata! Wa ya san sunansa?"

Samari suka kalli juna.

"Ba ku san sunansa ba, kun yanke masa hukunci?"

Ya sa hannu a aljihu, wayam. Ashe tun da safe ya saka hawainiya a rigar filon tasa. Bai yi wata-wata ba ya nufi teburin kyaututtuka, ya zaɓi ƙunshi ɗaya ya farke. Sababbin rigunan filo, na Mama!

"Yaya! Na amarya ne!"

"Ai na san naɗinki, Maryamu. Ke ba ki da wata kyauta sai wannan."

Ya dubi macijin da kyau ya ce ba shi da dafi, ya ɗauke shi kamar jariri ya saka a riga ɗaya. Amarya ta tare da riga ɗaya, ɗayar ta tafi jami'a.

Wata rana kuma na raka shi daga Samaru zuwa Sabon Gari a bas, an cusa mu kamar buhunan masara. Ƙunshin da ke cinyarsa ya motsa. Wata mata da ke gefensa ta yi murmushi.

"Baba, kaza ce?"

"A'a, 'yata. Mai cin kazar ne."

Ban taɓa sanin mutum goma sha za su iya fita ta ƙofa ɗaya a lokaci guda ba. Kwandasta ta taga ya bi! Direba ya tsaya can nesa yana roƙo da Turancin kasuwa. Kawu ya miƙe ƙafafu a kan kujerun da babu kowa, ya ce, "Rahila, kin ga amfanin ilimi?"

Amma bari in tona masa asiri, tunda ba ya nan balle ya ja kunnena. Mutumin nan mai kama kumurci, kyankyaso yake tsoro. Da idona na gan shi a kan tebur yana ihu, "Rahila, tsintsiya! Wannan mai tashi ne!" Na ce, "Kawu, ka san sunansa?" Kwana uku bai yi mini magana ba.

Lokacin cike fom ya matso, ni ina jira ya lallashi Mama, sai ciwo ya kwantar da shi. Macizai sun bar shi shekara da shekaru, hawan jini ne bai bar shi ba. A gadon asibiti ma yana shafa filo yana cewa, "Wannan yadin mai kyau ne," Mama na buge masa hannu tana share hawaye. Har ya rasu bai samu ya yi mata maganar ba. Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare.

Ranar gaisuwa manoma suka cika ƙofar gidanmu, Kirista da Musulmi, yawancinsu ba mu san su ba. Wata tsohuwa ta jawo ɗanta gaban Mama, ta ɗage ƙafar wandonsa.

"Kububuwa ce ta sare shi a gona. Mun ɗauko aska za mu tsaga, Malam ya ƙwace, ya goya shi a babur sai asibiti. Ga shi nan, 'ya'yansa uku."

Mama ta sunkuya tana kallon tabon. Da muka je kwashe kayan ɗakinsa, muka tarar da akwati a ƙarƙashin gado: rigunan filonmu ne, a wanke, a goge, a ninke. Har ta Anti Talatu.

Ranar cike fom ina zaune na yi tagumi, sai na ji abu ya faɗo mini a ka. Rigar filo mai fulawar nan ce.

"Cike abin da kike so," in ji Mama, ba ta ko kalle ni ba. "Amma ko tsaka kika shigo mini da ita gidan nan, ke da ita za ku kwana a waje."

Rigar tana aljihuna yanzu haka.

Kawu, ka lallashe ta, ko da ba ka buɗe baki ba. Ubangiji ya karɓe ka, ya hutar da kai inda babu kyankyaso, ya ba ka filo mai riga. Amin.