An Naɗe Tsire da Jamhuriyar Rum

Shekara tara ke nan da muka kai Malam Umaru makwancinsa, har yau haushin abin da aka yi da littattafansa bai sake ni ba.

Malamin tarihi ne a wata sakandare nan Illela. Ni kuwa aji biyu na tsaya, na koma sayar da albasa. Duk yammacin da ba kasuwa yakan zauna a rumfata, yana karanto mini ƙarshen jamhuriyar Rum ta zamanin da, yana fassarawa. Littattafai uku ya ce duk mai ƙuri'a ya sani, kuma bi da bi. Na farko, yadda masu hali suka haɗiye gonakin talakawa. Na biyu, yadda aka koma sayen ƙuri'a da alkama, 'yan daba na tsaron wurin zaɓe. Na uku, yadda sojoji suka shigo gari suka rufe zancen.

"Malam, tsallaka ka kai mu wurin yaƙin," nakan ce.

"Gaggawar mi kake, Garba? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar nika son ka gani."

Muna tsakiyar na biyu ciwo ya kwantar da shi.

Ranar rabon gado aka ware littattafan Larabci, aka naɗe su da girmamawa. Na Turanci kuwa wan Malam ya ce takardun boko ne, ba sa shiga gado, a ba mai tsiren tasha. Ina zaune na bari aka kwashe su, wai kar bare ya sa baki. Da na farga na je wurin mai tsiren, na tarar ana naɗe nama da shafin da Malam ya ja wa layi da jan biro. Littafi na ukun kaɗai na ceto.

A zaɓen da ya wuce mota ta tsaya a unguwarmu da shinkafa. Na shiga layi, na karɓi mudu biyu, na dangwala inda aka ce. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da Malam na raye ba zai zage ni ba. Zai tambaye ni ko na gane shafin da muke, wannan kuwa ya fi zagi zafi.

Littafi na uku yana akwatina, duk maiƙo. Ban iya karanta shi ba, ban kuma ba kowa ya karanta mini ba. Malam ya ce bi da bi, mu kuwa har yanzu muna cikin na biyu.