Tsoka Ɗaya Ranar Suyar Layya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 17 ga Yunin 2024, washegarin Babbar Sallah, Allah Ya karɓi ran kakata Hajiya Fanna Kyari a gidanta na Zaitawa. Na san ajali ne, Hajiya, amma har yau raina a ɓace yake.

Shekara arba'in kina dambun nama. Duk tsohon da haƙoransa suka zube a layinmu ya san kwanonki. Sai ki zauna da wuƙa da katako ki daddatsa masa nama da albasa ƙanana-ƙanana, ki aika ba a roƙe ki ba. Malam Audu ladan ya taɓa cewa ba don ke ba da ya manta ɗanɗanon rago.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ki, likita ya ce maƙogwaronki ya yi rauni, kada a ba ki nama sai wanda aka yi wa "mins". Na tambaye shi mene ne haka, ya ce a niƙa ko a daddatsa har ya zama ba sai an tauna ba, nama ne ko kifi ko ganye. Kika yi dariya da rabin baki, kika ce, "Lauratu, ashe sana'ata tana da sunan Turanci." Shekara biyu ina yi miki, kullum kina tsokanata wai hannuna bai kai naki ba.

Ranar Litinin ɗin nan ina tsakar gida wajen suya, ɗanki Kawu Musbahu ya shiga ɗakinki ya ga ɗan kwanon da na ajiye. Ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya guda, ranar layya, a ba ta abincin jarirai? Ragon nan ni na yanka!" Ya zaɓo tsoka mafi girma ya sa miki a hannu, wai babba ake ba babban rabo. Mutum biyar ne a ɗakin, duk sun san maganar likita, babu wanda ya hana shi, don kada a ce sun yi wa Alhaji Musbahu musu. Ke kuma ba kya iya mayar da kyautar ɗanki. Kafin in shigo kin shaƙe.

Wannan wace irin girmamawa ce? Kuma yanzu a zaman makoki ana ce mini in yi shiru, lokaci ne ya yi. Lokaci ya yi, amma an gaya mana, mun ji, muka take maganar likita.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna. Ina yi wa mahaifiyata Ummulkhairi ta'aziyya, da jikoki, da mutanen Zaitawa. Kawu Musbahu yana zaune a soro, ko kai ba ya iya ɗagawa. Shi ma uwa ya rasa, na sani. Sau uku ina wucewa ta gabansa ban gaishe shi ba. Allah Ya ba shi haƙuri, ni kuma Ya ba ni ikon gaishe shi.