Macijin Rumbun Baba

Yau da safe na ga kashin ɓera a buhun dawa, sai surukina ya faɗo mini a rai.

An kawo ni gidansa a Zandam ina amarya, a shekarar da naira ta fito. Kafin ya buɗe rumbu, yakan ƙwanƙwasa shi da sanda ya ce, "Mai gadi, gafara, za mu ɗiba." Matan unguwa suka raɗa mini cewa maciji yake ajiyewa na tsafi, shi ya sa hatsinsa ba ya ƙarewa. Tuwon gidan ma da ɗar-ɗar nake cinsa.

Wata rana da hantsi maƙwabcinmu ya zo da kulki, wai 'yan tsakinsa suna ɓacewa. Baba ya ɗaga murfin rumbu, ƙamshin tsohuwar dawa ya buso. Ina leƙe ta bayan zana ya zura hannu ya ɗago macijin, ja-ja mai sheƙi, cikinsa a kumbure.

"Ba shi da dafi, Malam. Ɓera yake ci. In ya taɓa maka tsako, zo ka zaɓi kaza."

Maƙwabcin ya ja da baya. "Hannu tsirara, Baba? Ashe gaskiya ake faɗa."

Daga ranar bai ƙara karɓar zakkar gidanmu ba, Baba kuwa bai fasa aika masa ba har ya rasu.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da maƙwabtan da ba sa zargi.